Buhun Shinkafa Ba Tukunya: Aikin Bankin Abinci Bayan Gobarar Daji

Da sassafen ranar 8 ga Nuwamba 2018 wuta ta tashi a ƙarƙashin wata tsohuwar wayar lantarki ta kamfanin PG&E, a gundumar Butte da ke arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Iska ce mai ƙarfi kuma busasshiya, irin ta tsakiyar hunturu, ta ɗauke ta. Kafin rana ta faɗi ta cinye garin Paradise, gari mai mutum kusan 27,000, wanda ma'anar sunansa Aljanna. Mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka koma toka, kimanin mutum 50,000 suka bar gidajensu a yini guda. Akasarinsu birnin Chico suka gangara. Wasu suka samu wuri a coci-coci da filayen baje koli, wasu suka raɓa gidajen dangi, wasu kuwa suka kafa tantuna a filin ajiye motoci na kantin Walmart, cikin sanyin Nuwamba da hayaƙi.

To, ɗauki mace ɗaya daga cikin na filin Walmart ɗin, tana zaune a motarta da 'ya'ya biyu da kare. Ka miƙa mata buhun shinkafa mai kilo 10, da busasshen wake, da ɗanyar kaza. Za ta yi godiya. Amma ba ta da tukunya, ba murhu, ba wuƙa, ba firji, ba famfon da za ta wanke hannu. Kazar za ta lalace kafin gobe, shinkafar kuma za ta cinye wurin da yaro zai miƙe ƙafa ya kwanta. Wanda gobarar daji ta kora, kasuwa tana nan a garin da ya gudo, abinci bai ƙare a ƙasar ba. Kicin ɗinsa ne ya ƙone. Duk bankin abincin da ya san aikinsa, tambayarsa ta farko ita ce: da me za ki dafa, kuma ina za ki ajiye? Amsar wannan tambaya tana sauyawa daga mako zuwa mako, abin da ake zubawa a kwali ma dole ya bi ta.

Sunan "banki" yakan rikita mutane. Ba kuɗi ake ajiyewa ba, kuma a ka'ida ba wurin da mabuƙaci ke zuwa karɓar abinci ba ne. Babban sito ne, mai ɗakunan sanyi da firiza da motocin ɗaga kaya da tireloli. Matsayinsa kamar na babban dila a kasuwar hatsi, 'yan kiri kuwa su ne ƙananan wuraren rabo: coci, masallaci, makaranta, gidan tsofaffi, ƙungiyar unguwa. Bankin yana tattaro rarar kaya daga manyan kantuna da masana'antu da gonaki, yana karɓar kason gwamnatin tarayya, yana sayen abin da ya rage da kuɗin gudummawa, sannan ya rarraba wa waɗannan ƙananan wurare. Na farko a duniya shi ne St. Mary's a birnin Phoenix, wanda John van Hengel ya kafa a 1967. Yau ƙungiyar Feeding America ta haɗa bankuna kimanin 200 da wuraren rabo kimanin 60,000. Wannan haɗin gwiwa shi ne ke sa tirela ta taso daga wata jiha ta isa wurin gobara, domin bankin da abin ya shafa yakan yi ƙanƙanta. Na gundumar Butte, North State Food Bank da ke Oroville, an gina shi ne don ciyar da matalautan 'yan gundumomin karkara, ba don garin da ya tashi gaba ɗaya ba.

Matsala ta farko da gobara ke jawowa ita ce ta ƙone 'yan kirin. Cocin da ke rabon abinci kowane mako ya zama toka, tsofaffin da ke aikin sa-kai a cikinsa su ma suna gudun hijira, littafin sunayen masu karɓa ya tafi. Ga sito cike da kaya, ba hannun da zai miƙa. Shi ya sa a makon farko bankin ke barin matsayinsa na dila ya fito titi da kansa: mota mai firji, tebura, rumfa, a tsaya inda mutanen suka taru. Dafaffen abinci a sansani galibi aikin Red Cross ne da Salvation Army, da irin su World Central Kitchen, ƙungiyar ciyarwa ta shahararren mai girki José Andrés. Bankin yana iya ba su ɗanyen kaya, amma nauyin da ke kansa shi ne ɗimbin mutanen da ba su shiga sansani ba, kuma su ne suka fi yawa.

Kwana ukun farko, ƙa'ida ɗaya ce: abin da za a buɗe da hannu a ci a tsaye. Gwangwanin kifi ko kaza mai murfin da ake ja da yatsa, ba mai buƙatar mabuɗi ba. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta shafawa, biskit mara zaƙi, burodi, madarar kwali da ba ta buƙatar firji, lemo da tufa da ayaba, busasshen 'ya'yan itace, cokalin roba, tsumman goge hannu. A ba da ƙananan gwangwanaye, domin babba idan an buɗe ba a cinye ba, zubarwa za a yi. Idan dole sai an saka gwangwani mara murfin ja, to a saka mabuɗi a kowace jaka. Wannan ɗan ƙarfe da bai kai dala biyu ba shi ne abin da aka fi mantawa, kuma rashinsa na mayar da rabin kwali kayan kallo.

Sai a tuna su waye a layin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Paradise sun haura shekara 65, kuma yawancin waɗanda suka rasu tsofaffi ne. Tsoho mai hawan jini ko ciwon suga, wanda ya baro magungunansa da haƙoran robarsa a gida, miyar gwangwani mai tarin gishiri da biskit mai tauri ba taimako ba ne a gare shi. Ana ware jaka ta daban mai ƙarancin gishiri da suga, da abinci mai laushi. Haka mai jego: madarar jarirai wadda aka riga aka dama, a kwalba, ta fi ta gari nesa ba kusa ba a inda babu tsabtataccen ruwa da wurin wanke bulumboti. Kunzugun yara, audugar mata, sabulu, man goge baki da abincin kare ko kyanwa ba abinci ba ne na mutum, amma duk wanda ya zo layin zai tambaye su. Mutum yakan raba gwangwanin kifinsa da karensa idan ba a ba shi na karen ba.

Yanzu ga lissafi, domin a nan ake gane girman aikin. Feeding America tana ƙiyasta ci ɗaya a kan nauyin abinci kimanin giram 545. Iyali mai mutum huɗu, ci uku a rana, kwana uku: ci 36 ke nan, kusan kilo 20. Ruwa kuwa, hukumar agajin gaggawa ta FEMA tana cewa galan ɗaya ga kowane mutum a rana, wato lita 3.8. Wannan iyali yana buƙatar kusan lita 46, kilo 46 ke nan. Ruwan ya ninka abincin nauyi har da ɗoriya. Babbar tirela tana ɗaukar kimanin tan 19 zuwa 20 kafin ta kai iyakar nauyin da doka ta yarda a hau titi da shi. Idan abinci ne, ci 35,000 ko kusa da haka. Idan ruwan roba ce, abin da mutum 5,000 za su yi amfani da shi a rana ɗaya tak. Mutum 50,000 na buƙatar tirela goma ta ruwa kullum, in da ruwan roba kaɗai za a dogara. Ruwa shi ke cinye mota da direba da filin sito, shi ya sa mai hankali ke tura shi kai tsaye daga kamfani zuwa wurin rabo, ba ya bari ya kwana a sitonsa. Kuma wannan lissafin ya nuna wani abu: abinci da ruwa na kimanin kilo 65 ba kayan da mai tafiya a ƙasa zai ɗauka ba ne, ko wanda motarsa ke cike da ɗan abin da ya tsira da shi. Gara a ba shi kaɗan, a gaya masa ya dawo jibi, kuma jibin a same ka a wurin.

Tsarin rabon kansa yana da dabara. Wanda ya fi sauri shi ne na cikin mota. A nemi fili mai ƙofar shiga daban, ta fita daban, mai tsawon da layin ba zai fito ya tare titin da motocin kashe gobara ke bi ba. A bakin shiga mutum ɗaya ya yi tambaya biyu: ku nawa ne, kuma daga wace unguwa? Ya rubuta adadin a takarda ya maƙala a gilashin mota. Ba a neman katin shaida, domin na wasu ya ƙone, wasu kuma ba su da takardun zama a ƙasar, da sun ji ana duba takarda za su juya. Mota ɗaya tana iya ɗauko iyali uku, a yarda da abin da suka faɗa. Za a samu mai ƙarya jefi-jefi, amma asarar kwali biyu ba ta kai asarar korar mutum ɗari masu gaskiya ba. Daga nan direba ya buɗe but, ya bi tasha-tasha ba tare da ya fito ba: ruwa da farko don ya fi nauyi, sai busasshen kaya, sai kayan lambu, sai na sanyi a ƙarshe. Dole a ware teburin masu zuwa da ƙafa, nesa da inda motoci ke juyawa. Wanda motarsa ta ƙone, shi ya fi kowa buƙata, kuma shi ne tsarin mota ke mantawa da shi.

Kayan sanyi su ke kunyata ma'aikata. Nama, madara, ƙwai da cuku dole su zauna a digiri 4 ko ƙasa. Sun wuce awa biyu a waje, an zubar. In zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. Don haka ba a sauke su a jibge a rana, kaɗan-kaɗan ake fitowa da su daga motar firji, ana auna sanyinsu ana rubutawa. Kafin a miƙa, a sake tambaya: akwai firji ko kula da ƙanƙara? Babu, to a musanya da gwangwani. Shi kansa siton yana cikin haɗari, domin a Kalifoniya kamfanonin lantarki sukan ɗauke wuta da gangan idan iska ta tsananta, gudun kada waya ta tayar da gobara. A Oktoban 2019 PG&E ya yanke wa gidaje da shaguna sama da 700,000 wuta a zagaye guda. Bankin da ba shi da janareta da man kwana da kwanaki zai iya rasa duk abin da ke firizarsa a daidai lokacin da layi ke ƙaruwa, don mutanen da wutar daji ba ta taɓa ba su ma firjinsu ya mutu.

Sai hayaƙi. Ma'aunin gurɓatar iska idan ya haura 150, dokar kare ma'aikata ta Kalifoniya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya tanadi takunkumi irin N95 ga masu aiki a waje. Ƙyallen rufe baki na yau da kullum ba ya tare ƙananan ƙwayoyin hayaƙi. Yawancin 'yan sa-kai kuwa tsofaffi ne da suka yi ritaya, su ne ba a so su yini cikinsa. Mafita ita ce gajarta zangon aiki, a haɗa kwalaye a cikin gini, a rufe kayan lambu da leda don toka. Ana wata ga wata: a sansanonin gundumar Butte cutar amai da gudawa ta noro ta ɓarke a cikin 'yan kwanaki, ta sake ɓulla a sansanin masu gudun gobara da ke birnin Pasadena, kusa da Los Anjeles, a Janairun 2025. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya kashe wannan ƙwayar cuta yadda ya kamata, sai sabulu da ruwa. Wannan shi ne dalilin da ake ƙin karɓar abincin da wani ya dafo daga gida, komai kyawun niyyarsa.

Batun niyya ya kawo mu ga abin da ma'aikatan agaji a can ke kira bala'i na biyu. Da hotunan gobara sun bazu, jama'a sukan kwashe abin da ke kabad su loda a mota. Gwanjo tuli-tuli, takalmi wari guda, gwangwanayen da suka shekara biyar, kwalbar da aka buɗe aka ci rabi. A Los Anjeles, bayan gobarar Palisades da Eaton da suka tashi ranar 7 ga Janairu 2025 suka cinye gine-gine sama da 16,000, filin sukuwa na Santa Anita ya koma tsaunin kaya cikin kwanaki kaɗan, wuraren karɓa da dama suka riƙa roƙon a daina kawo tufafi. Kowane kwalin gauraye sai mutum ya buɗe ya duba ɗaya bayan ɗaya. Gwangwani ya kumbura, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko ya lotsa a kan ɗinkin gefe ko bakin murfi: shara. Wanda aka cika a gida: shara. Mara takarda a jiki: shara, domin ba a san me ke ciki ba balle a kare mai rashin lafiyar gyaɗa ko alkama. Kwanan wata kuwa ba kamar yadda mutane suka zata ba ne. A dokar tarayyar Amurka madarar jarirai ce kaɗai aka wajabta wa ranar ƙarewa, ita kam ranar ta wuce an zubar. Sauran yawanci alamar inganci ce, gwangwani mai lafiya yana wuce ta da watanni. Duk wannan tantancewa hannu take ci, da fili, da kuɗin kwashe shara, a makon da ake neman kowane hannu a wurin rabo.

Kuɗi ya fi kaya, ba don rowa ko raina kyauta ba. Da kuɗi bankin zai sayi tirela guda ta abu ɗaya a farashin sari, a jere a kan katako, motar ɗaga kaya ta sauke ta cikin ƙasa da awa ɗaya. Zai sayi dizal, ya yi hayar motar firji, ya ɗauki direba. Feeding America takan ce dala ɗaya tana taimakawa a samar da ci goma. Kada a ɗauka abinci ne ke da araha haka. Yawancin kayan kyauta aka ba su, dalar tana biyan jigila da ajiya ne. A lokacin gobara, da ake sayen takamaiman abubuwa irin su gwangwani mai murfin ja da madarar jarirai, dalar ba ta kai nan. Akwai kuma tarko a kuɗin: abin da aka bayar da sunan gobara, kan gobara za a kashe shi, da lissafi daban. Amma talakawan da bankin ke ciyarwa tun kafin wuta suna nan, ba su daina jin yunwa ba. Wanda ya bayar ba tare da gindaya sharaɗi ba ya fi sauƙaƙa musu aiki.

Mai karatu zai ce, ina gwamnati? Tana nan, amma tafiyarta ta takarda ce. Akwai shirin SNAP, wanda a Kalifoniya ake kira CalFresh: kati ne kamar na cirar kuɗi da ake sayen abinci da shi a kanti. Wanda ke cikin shirin, abincinsa ya ƙone ko ya lalace, yana da kwana goma ya kai rahoto a mayar masa, sai dai in an ƙara wa'adi. A ka'ida katin ba ya sayen abinci mai zafi, abin da ba shi da ma'ana ga mara murhu, don haka jiha kan nemi a ɗage wannan sharaɗi na ɗan lokaci. Sannan akwai D-SNAP na bala'i, ga waɗanda a da ba su cancanta ba: tallafin wata ɗaya, sai shugaban ƙasa ya ayyana bala'in a matakin taimakon ɗaiɗaikun mutane, jiha ta nema, ma'aikatar noma ta amince, sannan a buɗe rajista na kamar mako guda. A tsibirin Maui na jihar Hawai gobara ta tashi 8 ga Agusta 2023, rajistar sai a Satumba. A Los Anjeles sai a Fabrairu. Wannan tazarar ta wata guda ko fiye, bankin abinci ne ke cike ta. Aiki mafi riba da zai yi a layinsa shi ne ajiye mutum da kwamfuta yana taya mutane cike takardar, domin katin yana ba iyali abin da kwali ba zai ba su ba, wato su zaɓi abin da suke ci.

Zaɓin nan ba ƙawa ba ne. A Lahaina, garin da gobarar Maui ta cinye, inda mutum 102 suka rasu, kaso mai tsoka na mazauna 'yan asalin Filifin ne, ga 'yan asalin Hawai da sauran tsibirai. Abincinsu shinkafa. Kwalin da aka haɗo daga babban yankin Amurka da taliya da miyar tumatir ta kwalba zai cika ciki, amma rabinsa zai dawo ko ya zauna a lungu. Dubban mutane suka shafe watanni a ɗakunan otal da babu kicin, a nan tukunyar shinkafa ta lantarki da buhun shinkafa sun fi kwali uku daraja. Kun ga shinkafar da ta zama kaya a filin Walmart, a wata na biyu ita ake nema. Maui tsibiri ne kuma, mafi yawan abincin Hawai ta jirgin ruwa yake zuwa, babu tirelar da za ta taso daga jihar maƙwabta. A kwanakin farko da aka rufe hanyar shiga yammacin Maui, mutanen gari ne suka riƙa kai kaya da ƙananan jiragen ruwa, suka kafa cibiyoyin rabo a filayen shaƙatawa. Maui Food Bank da ke Wailuku ya samu 'yan kirin da suka kafa kansu. Hikima a irin wannan hali ita ce a zuba musu kaya, kada a tsaya jayayyar wa ke da izini.

A Altadena, kusa da Los Anjeles, gobarar Eaton ta ƙone Masjid Al-Taqwa, azumi kuma ya kama ƙasa da wata biyu bayan haka. Musulmin da ya karɓi kwalin gama-gari sai ya karanta jikin kowane gwangwani, domin waken gwangwani na Amurka sau da yawa da naman alade ake haɗa shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera kayan a kan kanta kamar shago, mutum ya shiga da kwando ya ɗauki abin da zai ci. Redwood Empire Food Bank ya yi haka a birnin Santa Rosa na Kalifoniya bayan gobarar Oktoban 2017. Ya fi rabon mota jinkiri, amma ɓarna ta ragu, kuma mutumin da bai taɓa miƙa hannu ba a rayuwarsa ya fi iya shiga shago a kan tsayawa a layi.

Akwai waɗanda gidansu bai ƙone ba amma tukunyarsu ta mutu. Masu gyaran lambu, masu shara da raino a gidajen unguwar Pacific Palisades ta Los Anjeles sun wayi gari ba gidan da za su je aiki. Ma'aikatan otal da gidajen abinci a Maui haka. Da yawansu baƙi ne da tallafin kuɗi na FEMA bai shafe su ba, don yana da sharaɗin zama ɗan ƙasa ko mai wani nau'in izinin zama. Sai masu masauki: gida mai mutum uku ya koma mai mutum tara, albashi bai ƙaru ba. Jama'ar Chico sun ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari, daga 92,000 da 'yan kai zuwa kimanin 112,000, kuɗin haya ya tashi, kuma kuɗin abinci shi ne na farko da iyali ke ragewa don biyan haya. Makarantun gundumar Butte sun kasance a rufe har farkon Disamba, yaran da ke cin karin kumallo da abincin rana a makaranta suka koma kan iyaye. Bankin da ya ce sai mai shaidar ƙonewar gida zai ba, ya bar rabin mayunwata a waje.

Ranar komawa gida, ga wanda gidansa ya tsira, wani zagayen buƙata ne. Firji yana riƙe sanyi awa 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya awa 48, mai rabin kaya awa 24. Mutanen Fort McMurray a Kanada, su sama da 80,000 da suka fice a farkon Mayun 2016, sai a farkon Yuni aka fara barinsu su dawo. Da yawa ba su ma buɗe firjin ba: naɗe shi suka yi da salatif suka fitar bakin titi. Abin da ke kabad ma ba lallai ya tsira ba. Hayaƙi yana ratsa kwali da leda da murfin kwalba mai murɗawa, don haka gari, suga, shinkafa, kayan yaji da duk abin da ke irin wannan mazubi zubarwa ake yi. Gwangwanin da zafi ya taɓa shi ma ya tafi, ko da ya yi kyau a ido. Wanda toka ko sinadarin kashe gobara kawai ya taɓa ana iya ceto shi: a cire takardar, a wanke da sabulu, a jiƙa minti 15 a ruwan da aka zuba babban cokali ɗaya na bilic a kowace lita 3.8, a shanya, a rubuta sunan abin a jiki. Kwalin wannan mataki shi ne na sake kafa kicin daga tushe: man girki, gishiri, gari, shinkafa, wake, kayan ƙamshi, sabulun wanke-wanke, in da hali har tukunya da wuƙa.

Ruwan famfo kuma kada a yarda da shi don ya fito garau. A Paradise an gano sinadarin benzin, mai jawo sankara, a bututun gari. Idan gidaje suka ƙone, ƙarfin ruwa ya faɗi, bututu na zuƙo hayaƙi, robar bututun da ta yi zafi ita ma tana sakin guba. A Lahaina sanarwar hukuma ita ce kada a sha, kuma kada a tafasa, domin tafasawa tana tayar da sinadarin ya shiga iskar ɗaki. Wanda ya saba da cewa tafasa ruwa na gyara shi, a nan ya yi kuskure. Abin da wannan ke nufi ga banki shi ne ruwan roba zai zauna a jerin kayansa na watanni, ba makonni ba.

Kuɗin gudummawa yakan kwararo a makonni biyun farko, sannan kyamarori su tafi. Buƙata kuwa tana daɗa hawa a wata na uku zuwa na shida, lokacin da ajiya ta ƙare, mai masauki ya gaji, inshora ba ta biya ba. Taimakon matsuguni na FEMA wata 18 ne a ka'ida, sake gina gari kuwa shekaru. Shugaban bankin da ya kashe duk abin da ya samu a watan farko don a gan shi a talabijin, zai zo wata na shida da sito wayam. Abin da ya dace a raba kuɗin gida-gida tun ranar farko, a ware na shekara ta biyu, a saka wani kaso wajen sake tayar da ƙananan wuraren rabon da suka ƙone: firji, kanta, hayar ɗaki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sauran aikin na kafin wuta ne. Jakunkunan ci-a-tsaye a haɗa su a ajiye, a riƙa sakin tsofaffin cikin rabon yau da kullum ana maye gurbinsu kafin su tsufa. A gwada janareta da cikakken lodi, ba kunna-kashe ba. A rubuta yarjejeniya da bankin maƙwabta kan aron direba da motar firji, a samu wurin zama a cibiyar gaggawa ta gunduma don motar abinci ta samu takardar wuce shingen 'yan sanda. Lambobin wayar shugabannin wuraren rabo a buga su a takarda, domin turakun sadarwa suna ƙonewa. A da ana kammala wannan shiri kafin bazarar can, ana sa ran hutawa idan ruwan sama ya sauka a ƙarshen shekara. Gobarar Paradise a Nuwamba ta zo, ta Los Anjeles a Janairu.